Amsa Kan Mayar da Ƙaramin Kamfani Tsarin S a Amurka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ya dace ka mayar da kamfaninka na LLC (kamfanin da bashinsa ba ya hawa kan dukiyar mai shi) zuwa tsarin S, wato tsarin harajin Amurka na ƙananan kamfanoni da ribarsu ke sauka kai tsaye kan masu hannun jari, tunda an ce maka haraji zai ragu, kuma kana son sanya yayanka da ke Kano cikin masu hannun jari. Shekara shida ke nan ina tafiyar da harkar motocin dakon kaya a kan wannan tsari.

Zan fara da batun yayanka, domin shi ya fi ɗaukar hankalina. Dokar ba ta yarda baƙon da ba mazaunin Amurka ba ya mallaki ko da hannun jari ɗaya a kamfanin S. Mai katin zama na dindindin yana iya shiga, amma ranar da ka rubuta sunan wanda ke zaune a gida, ranar matsayin ya rushe, kamfanin ya koma biyan kashi 21 cikin ɗari a kan ribarsa, sannan a sake karɓar haraji a hannunku idan an raba ribar. Na san zumunci ne ya sa ka yi wannan tunani, to amma ka nemi wata hanyar kyautata masa.

Amfanin kuwa a wuri ɗaya yake. LLC ɗinka tun asali ba ya biyan harajin kamfani, ribar kanka take saukowa, sai dai kana biyan kashi 15.3 na asusun tsufa da na lafiya a kan kusan dukkanta. A tsarin S za ka yanka wa kanka albashi, wannan kaso ya hau kan albashin kaɗai. A ce ka ci ribar dala 100,000, ka ɗauki 60,000 a matsayin albashi, to ragowar 40,000 ta tsira, wato ka rage wajen dala 6,000. Sharaɗin shi ne albashin ya yi daidai da abin da za ka biya wani ya yi aikinka, domin IRS, hukumar harajin Amurka, tana bin sawun masu rubuta ɗan ƙaramin albashi su kwashe sauran a matsayin riba.

Wahalar da ba a cika faɗa ba ita ce ta takardu. Za ka riƙa cire harajin albashinka kana aikawa, ka cika fam 941 na harajin albashi duk wata uku, ka shigar da fam 1120-S, rahoton harajin kamfanin na shekara, kafin 15 ga Maris. A shekarata ta farko na makara, tarar ta zo, kuma da na zauna da akanta muka lissafa ladansa da na masu shirya albashi, sai na ga rabin abin da na rage ya tafi. Haka nan za ka biya haraji a kan rabonka na riba ko da ba ka ciri ko sisi ba. A shekarar da na bar kuɗin a asusun kamfani domin ƙaro mota, daga aljihuna na biya.

Ka duba jiharka ma. Kalifoniya tana karɓar kashi 1.5 na ribar kamfanin S, mafi ƙaranci dala 800 a shekara, birnin New York kuwa bai amince da tsarin ba a harajinsa.

A ganina, idan ribarka ba ta zarce albashin da ya dace da aikinka da tazara mai kauri ba, ka dakata tukuna. Idan ta zarce, ka cika fam 2553 na neman shiga tsarin S cikin wata biyu da kwana 15 na farkon shekarar harajin, da sanin cewa wanda ya fita daga tsarin yakan jira shekara biyar kafin ya koma.