Zamu kwana goma a saharar Arizona cikin motar kwana, kasaru zamu yi ko cikawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Houston ne ni da iyalina, mun sayi irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki wacce nan Amurka suke ce ma RV. A watan Janairu masu irin motar suna taruwa a wani ɗan gari Quartzsite a saharar Arizona, kowa ya faka a fili ya yi zamansa, mu ma muna son zuwa kwana goma. Toh Malam kasaru zamuyi har mu dawo? Kuma ruwan tankin motar kaɗan ne ga sanyi da asuba, ko zamu iya taimama tunda sahara ce? Sannan ya batun Juma'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Allah ya tsare hanya. Tambayarka kashi biyu ce ka haɗe su, akwai hanya akwai zama, kuma hukuncinsu ba ɗaya bane.

Hanyar dai babu magana, daga Houston ka hau babban titin I-10 ka miƙe yamma sama da mil 1000, alhali abin da malamanmu na Malikiyya suka shardanta buridi huɗu ne wato mil 48, kamar kilomita 80 da ɗan wani abu. Saboda haka da ka bar gidajen gari ka fara kasaru, azahar da la'asar da isha raka'a bibbiyu, kuma in tuƙi ya matsa zaka iya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. Tafiyar shaƙatawa ce ba ta saɓo ba, wannan baya hana rangwame.

Inda gizo ke saƙar shi ne isarka. Kai da bakinka kace kwana goma, ka riga ka ƙulla niyya tun daga gida. Ibn Abi Zaid a Risala ya faɗa ƙarara cewa matafiyi in yayi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ko abin da zai sallaci salloli ashirin, to cikawa zai yi har sai ya tashi daga wurin. Shafi'iyya ma kusan nan suke. Hanafiyya kwana 15 suka ce, a wajensu kwana goman nan naka kasaru ne. Na san wani zai kawo maka hadisin Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya zauna kwana 19 yana kasaru, da na Tabuka kwana 20, kuma da irinsu Ibn Taimiyya ya kafa hujja cewa babu iyakar kwanaki. Maganar tana da ƙarfi bana rena ta, amma jamhuru, wato mafi yawan malamai, sun amsa da cewa zaman yaƙi ne wanda ba'a yanke ranar tashi ba, yau ko gobe. Kai kuwa ka san ranar zuwa ka san ranar tashi, ka shimfiɗa darduma a ƙofar mota ka kafa kujeru, madam ta ɗora tukunya, wace wahalar tafiya ta rage? Abin da na zaɓa maka ka cika sallah tun daga ranar da ka sauka, kowacce a lokacinta, ranar da ka tada mota zuwa gida kasaru ya dawo. In kuma yawo zakuyi, kwana biyu nan kwana uku wani gari mai nisa, wannan matafiyi ne kai.

Sai taimama, kuma nan nafi son ka buɗe kunne dan mutane da sun ji kalmar sahara sai su ɗauka an yafe alwala. Ayar Ma'ida ta 6 cewa tayi baku samu ruwa ba, ba cewa tayi kuna cikin rairayi ba. Ruwa na tankinka, in ya ƙare garin na kusa ana saida shi ana cika tanki, wanda ya iya zuba ma wannan ƙatuwar motar mai daga Texas bazai ce kuɗin ruwa ya gagare shi ba. Matsalar yadda muke alwala ce, a saki famfo yana zuba ana hira. Anas ya ruwaito a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, bai kai lita guda ba, wanka kuma da sa'i, wato mudu huɗu, zuwa mudu biyar. Ka nemi buta, ko gorar ruwa ma ta isa, ka wanke gaɓɓai sau ɗaɗɗaya alwalarka ta inganta, wallahi zakayi mamakin yadda tankin zai daɗe.

Sanyin ma haka. Gaskiya ne Amr ibnul As yayi taimama daga janaba a dare mai sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya kafa hujja da "kada ku kashe kanku", Annabi (SAW) yayi dariya bai ce masa komai ba. Amma shi tsoron halaka yayi, kai kana da gas da murhu da ɗaki rufaffe, ka ɗumama ruwa kawai. Sai dai in da gaske ruwan ya ƙare, ko wanda ya rage na sha ne kuma kafin ka samo wani lokaci zai fita, ko wani cikin yaran bashi da lafiya ruwa zai cutar dashi, toh nan a bugi ƙasa mai tsarki ko dutse ayi sallah, kuma babu ramuwa.

Juma'a bata tsayuwa a sansanin, dan sharaɗinta gari ne na mazauna da masallaci ginanne, ko kun kai mutum 12 a cikin motoci azahar zakuyi raka'a huɗu, cikin jam'i yafi. In akwai masallacin Juma'a tsakanin mil uku da kai to zuwa ya wajaba tunda ka zama mazauni, wanda yafi haka nisa in kaje ka samu lada in baka je ba babu laifi. Alƙibla daga can arewa maso gabas take kuma tafi karkata arewa, kar ka fuskanci fitowar rana yadda muka saba a gida, duba kamfas ɗin wayarka. A garin Quartzsite ɗin akwai kabarin wani da ake kira Hi Jolly, asalin sunan Haji Ali, mai kula da raƙuma ne da sojan Amurka suka kawo a 1856 ya rasu can a 1902, kaga ba kai ne farkon mai irin sunanmu da ya taka wurin ba.

Abu ɗaya baka tambaya ba amma zan faɗa. Filayen na gwamnati ne, na kyauta kwana 14 aka iyakance, na dogon zama irin La Posa sai da takardar izini ta kuɗi, ka shiga da sharaɗi to ka cika shi. Kuma tankin ƙazantar banɗaki kar ka kuskura ka buɗe shi a fili dan babu mai gani, hadisin Muslim ya tsoratar akan mai bahaya a hanyar mutane ko inuwarsu, ka kai shi wurin da aka tanada ko da layi ya yi tsawo. Wallahu a'alam.