Sun Sha Kashi Sau Biyu a Nuwamba: Shin Kakar Wasan Ɗiyarmu Ta Lalace Ke Nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗiyar yayata tana karatu a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, bana kuma ta samu shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta makarantar. Ta ce mini suna Mataki na Uku. Kafin a fara kakar wasa an sa su cikin ƙungiyoyi 25 da suka fi ƙarfi, magoya baya suna ta murna. To ga shi wata babbar jami'a ta lallasa su da tazarar maki kusan 40, sannan suka sake faɗuwa a hannun wata makaranta irin tasu. Yanzu wasu na cewa a kori koci, wasu na cewa a yi haƙuri. Ni Firimiya kawai na sani. Za a mayar da su mataki na ƙasa ne? Maganar wa zan kama?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya ɗiya, Ya sa ta gama lafiya.

Ki fara kwantar da hankalinki a kan zancen faɗawa ƙasa, don babu shi. A Ingila ƙungiyoyi uku na ƙarshen teburi sukan sauka, wasu uku su hau. A wasannin makarantun Amurka, makaranta ce take zaɓar matakin da za ta zauna, gwargwadon aljihunta da yadda take kallon wasa a cikin karatu. Ko da ba su ci wasa ɗaya ba bana, baɗi suna nan a Mataki na Uku. Ko da sun ɗauki kofi sau huɗu a jere, suna nan. An taɓa yin haka kuwa: Jami'ar Washington da ke St. Louis ta ɗauki kofin ƙasa na Mataki na Uku daga 1998 zuwa 2001, a ƙarƙashin koci Nancy Fahey, har ta ci wasa 81 ba tare da an doke ta ba, kuma ba ta motsa daga matakin ba.

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i da kwalejojin Amurka, ta raba makarantunta gida uku, kuma abin da ya raba su shi ne kuɗi. A Mataki na Ɗaya ana ɗauke wa 'yar wasa kuɗin makaranta saboda iya ƙwallonta. Nan ne manyan da ake nunawa a talabijin suke, irin su jami'o'in Connecticut da South Carolina. A Mataki na Biyu ana ba kowace ƙungiyar mata abin da bai wuce kuɗin karatun mutum 10 ba, koci ya yanka shi gunduwa-gunduwa ya raba wa 'yan wasansa. A Mataki na Uku, inda makarantu suka haura 400, ko sisi ba a ba ɗaliba don ta iya jifa. Tana iya samun tallafi saboda ƙoƙarinta a aji ko saboda halin da gidansu yake ciki, amma ba don ƙwallo ba. Akwai kuma wata hukuma dabam mai suna NAIA, da makarantu sama da 200, wadda take kammala gasarta ta mata a garin Sioux City na jihar Iowa.

Kalmar "ƙaramar kwaleji" ma tana ruɗin mutane. Transylvania da ke jihar Kentucky, wadda ta ɗauki kofin 2023 da wasa 33 babu faɗuwa, ɗalibanta wajen 1,000 ne. Jami'ar New York, wato NYU, da ta ɗauka a 2024 da 2025, ɗalibanta sun haura 50,000. Duk matakinsu ɗaya.

Wannan zancen kuɗi shi ne ya amsa rabin tambayarki. Wasan da aka ci su da tazarar 40, ina kyautata zaton na share fage ne, irin wanda manyan jami'o'i suke gayyatar ƙananan makarantu a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba don su motsa jini. Sau da yawa ba ya shiga lissafin ƙaramar makarantar. Can an zagaya ƙasa, har da ƙetare, an zaɓo dogaye an biya musu makaranta. Nan kuwa yara ne da suka fito daga ɗakin gwaje-gwaje da yamma suka ɗaura takalmi. Duk wanda ya ce a kori koci a kan wannan, surutu kawai yake so. A Janairun 2024 jami'ar Grambling State ta Mataki na Ɗaya ta ci wata ƙaramar makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da ke Houston 159 da 18. In aka gwada da wannan, maki 40 ai sun fita kunya.

Faɗuwa ta biyun ce abin dubawa, ita ma ba yadda magoya baya suke duba ta ba.

Jerin 25 ɗin da ake fitarwa kafin a fara wasa ƙuri'a ce. Akwai wanda ƙungiyar kociyoyin mata ta WBCA take fitarwa, akwai na masu bibiyar matakin da 'yan jarida. Masu jefa ƙuri'ar ba su ga ƙungiyar bana ta buga ko minti ɗaya ba, kuma babu mahaluƙin da zai iya kallon makarantu 400. Abin da suke yi shi ne su duba inda kowa ya tsaya bara, su duba su wa suka gama karatu, su haɗa da sunan da makarantar ta yi. Saboda haka jerin Nuwamba yabon ƙungiyar bara ne aka rataya wa ta bana. In ɗalibai uku da suka riƙe ƙungiyar sun karɓi digirinsu a watan Mayu, rigar ce kawai ta rage iri ɗaya.

Na san za a ce mini Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A Mataki na Ɗaya wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don 'yan wasan sun kwashe bazara suna atisaye tare. A Mataki na Uku doka ta taƙaita lokacin da koci zai riƙe yara a wajen kaka. Wata ma a watan Oktoba tana can tana buga wa makarantar ƙwallon ƙafa ko ƙwallon raga, sai an gama waccan gasar za ta dawo zaure. Ga sababbin shiga irin ɗiyarku, waɗanda ba su gama sanin hanyar ɗakin cin abinci ba balle dabarun koci. Larabar nan ba ta faɗin komai game da Juma'a.

Da ni ne a cikin masu gardamar, abu na farko da zan tambaya shi ne: mai rarraba ƙwallon bara tana nan? Ita ce wadda take ɗauko ƙwallo daga baya, ta kira salon da za a buga, ta san wadda hannunta ya yi zafi ta miƙa mata. A wannan mataki samun doguwa mai tsawon gaske wuya gare shi, don manyan makarantu sun riga sun kwashe su, shi ya sa wasan ya fi dogara a kan masu riƙon ƙwallo. Ana da daƙiƙa 30 kacal a yi jifa. Ƙungiyar da sabuwa take ja za ki ga tana zubar da ƙwallo sau ashirin da wani abu a wasa ɗaya, kuma kowace zubarwa jifa ce da ba a yi ba, sau da yawa kuma maki biyu ne na ɓagas ga abokan karawa. Bayan kowane wasa makarantu suna saka takardar ƙididdiga a intanet. Ki tsallake yawan maki, ki duba sau nawa suka zubar da ƙwallo, sau nawa suka cafe wadda ta dawo daga kan kwando, da kuma jifan kyauta nawa suka samu suka jefa. In zubarwar tana raguwa mako bayan mako, ana gyaruwa, ko da ana faɗuwa. In jifan maki uku ne ya ƙi shiga a dare ɗaya, wannan rabo ne, gobe zai shiga.

Sai ki tambayi ɗiyar wace makaranta ce ta ci su. Kociyoyin da suka san abin da suke yi da gangan suke neman masu ƙarfi a Nuwamba da Disamba. Dalilin yana cikin yadda ake shiga gasar ƙasa. Ƙungiyoyi 64 ake ɗauka a watan Maris. Sama da 40 daga ciki suna shiga kai tsaye don sun zama zakarun rukuninsu, wato gungun makarantun da suke karawa da juna gida da waje duk shekara. Guraben da suka rage, wajen 20, daga kakar 2024 zuwa 2025 wani lissafi ne na kwamfuta da ake kira NPI yake raba su, kuma yana duba yawan nasara tare da ƙarfin waɗanda aka kara da su. Jerin 25 da ake ta haƙilo a kai ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Ƙungiya tana iya cin raunana goma a jere ta yi ta buga ƙirji, Maris ya zo a bar ta a gida.

Ainihin kakar tana farawa ne bayan hutun Kirsimeti, lokacin da wasannin rukuni suke kankama. Wasannin kaka duka ba sa wuce 25, kuma mafi yawansu na rukuni ne. A yawancin rukunoni akwai ƙaramar gasar sili-ɗaya-ƙwale a ƙarshen Fabrairu, wadda ta ɗauka ita ke da tikiti. Rukunin UAA, inda NYU da Washington da Chicago da Emory suke, shi ba ya yin wannan gasa, wadda ta fi nasara a teburi ita ce zakara. Su ne ma suke hawa jirgin sama zuwa wasa yayin da saura suke shan zaman bas. A nan ake sanin maci tuwo, bayan miya ta ƙare: ga sanyi, ga dusar ƙanƙara, ga sabon zangon karatu, ga gwiwoyi sun fara ciwo, kuma abokan karawa sun haddace salonki.

Labarin kwalejin Hope da ke garin Holland a jihar Michigan ya kamata masu kiran a kori koci su ji. A 2020 ba a ci su ko sau ɗaya ba, annobar korona ta sa aka tsayar da gasar ƙasa ana tsakiyarta. A 2021 ba a yi gasar ba sam. Suka ci gaba da nasara har wasa 61, sai a Janairun 2022 Trine, abokiyar hamayyarsu a rukuni, ta karya su. Wata biyu bayan nan Hope ce ta ɗaga kofin ƙasa. Kocin da ya kai su ga wannan, Brian Morehouse, tun 1996 ya hau kujerar.

Ni a ganina koci shi ne jarin ƙaramar makaranta. Yara suna zuwa su tafi cikin shekara huɗu, ba shi da kuɗin da zai saye kowa, sai dai ya zauna a falon iyaye ya gamsar da su cewa makarantarsa ta cancanci kuɗinsu. Abin tsoro a wajen magoya baya shi ne a ɗauke musu shi. Kim Caldwell ta kai Glenville State, wata ƙaramar makaranta a tsaunukan West Virginia, ga kofin Mataki na Biyu a 2022 da wani salo na matsa wa abokan karawa tun daga ƙarƙashin kwandonsu, tana canja 'yan wasa biyar a lokaci guda. Shekara ɗaya ta yi a jami'ar Marshall, a 2024 jami'ar Tennessee mai kofunan Mataki na Ɗaya takwas ta ɗauke ta. Don haka in kocin ɗiyarku ya daɗe, kuma yaran ba sa guduwa daga hannunsa, ki bi bayan masu cewa a yi haƙuri.

Kada kuma kalmar "na uku" ta sa ki raina abin da yarinyar ta shiga. Wasan mata a kwaleji daga irin waɗannan makarantu ya taso. A kwalejin Smith ta mata zalla, a jihar Massachusetts, malama Senda Berenson ta shirya karawa tsakanin 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu a watan Maris na 1893, ƙasa da shekara biyu bayan James Naismith ya ƙirƙiro wasan, kuma ba a bar maza sun shiga kallo ba. Immaculata, wata 'yar ƙaramar makarantar Katolika kusa da Philadelphia, ita ta ɗauki kofunan ƙasa uku na farko daga 1972 zuwa 1974, kafin kuɗi su raba manya da ƙanana. Smith ɗin nan har yanzu tana Mataki na Uku, kuma ita ce ta kai wasan ƙarshe a 2024 da 2025, NYU tana doke ta duka biyun.

Game da ita ɗiyar, kada ki damu in kin ga tana zaman benci. 'Yar shekarar farko da take samun minti biyar ko takwas daga cikin minti 40 ta fara da ƙafar dama. Abin da yake sa koci ya ƙara wa sabuwa lokaci shi ne tsaro da rashin zubar da ƙwallo, yawan maki daga baya yake zuwa. In kin kira ta, ki tambaye ta wa aka ba ta ta tsare, za ki ji bakinta ya buɗe.

Yawancin makarantun suna nuna wasanninsu kai tsaye a intanet, wasu kyauta, wasu sai an biya. In makarantar tana gabashin Amurka, a lokacin sanyi agogon Najeriya da Nijar yana gaba da awa shida, wato wasan ƙarfe bakwai na daren Laraba zai same ki ƙarfe ɗaya na dare. Ki nemi na ranar Asabar, waɗanda akan fara da ƙarfe ɗaya ko biyu na rana a can. Kina idar da Isha'i ki zauna, ki fara da wasan rukuni na farko a watan Janairu.