Pon na gaba yana yoyo, kuɗi suna cikin kaya: a gyara ko a ci gaba da ƙarin mai?

Wani ɗan kasuwa daga Tawa ya aiko da tambaya. Yana da kat-kat, Land Cruiser 79 mai buɗaɗɗen baya, yana kai shinkafa, sukari, ganyen shayi da taliya Abalak da Cintabaradan, ya dawo da awaki da cuku. Ya ce: "Mai yana zubowa ta bayan tayar gaba ta dama. Wani makanike ya ce a buɗe ɓangarorin biyu a sake komai, jika 120, mota ta kwana biyu a garaji. Wani ya ce zai sake roba ɗaya kawai a jika 30, kafin la'asar ya gama. Direbana kuma ya ce a bar ta, lita ɗaya ta man pon jika 3 ce, tana kai mu mako biyu. Kuɗina suna cikin kaya, sannan ina bin masu shaguna bashin kusan jika 400. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji, mu fara da maganar direba, don lissafinsa ba na wauta ba ne. Jika 120 ta sayi lita 40, lita 40 kuma ta kai ka mako 80, fiye da shekara ɗaya da rabi. In da a ƙasa man yake zuba kawai, da na ce ka bi shawararsa ka huta. Sai dai kafin ya kai ƙasa akwai wuraren da yake ratsawa, kuma can ne kuɗinka suke ƙonewa.

Pon na gaba na wannan mota dogon ƙarfe ne guda da ya haɗa tayoyin gaba biyu, mai yana tsakiyarsa. A kowane ƙarshe akwai dunƙulen ƙarfen nan da ake gani a bayan taya, a cikinsa kardan, wato gaɓar da ke juya taya, yake zaune cikin giris mai kauri. Abin da ya raba mai da giris ƴar roba ce da ba ta kai tafin hannu ba, wadda makanikai ke ce wa juwan sipi. Da zarar ta saki, mai ya shiga ya narkar da giris, ya mai da shi kamar kunu, ya tsiyayo ta baya. Kardan ya rasa abin da ke kare shi, haka rulman sama da na ƙasa da taya ke juyawa a kansu in an karya sitiyari. In abin ya yi nisa, ya kai ga rulman taya, ya shafi faifan birki da plaket, wato abin da ke matse faifan. Plaket ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, sai dai a sake. Mota ɗauke da buhuna, birkin dama ba ya kamawa daidai da na hagu, a taka da ƙarfi ta fizge gefe guda. Ga yashi kuma, wanda ba ya ganin danshin mai ya wuce. Lita 40 ɗin direba ba ta ƙidaya ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Akwai abin da ke ruɗin mutane a nan. A kan kwalta, in an saki makullan tayoyin gaba, sandar cikin pon ba ta juyawa, sai yoyon ya ragu, a ce ai ya tsaya da kansa. Ranar da aka sauka cikin rairayi aka sa kat-kat, wato tayoyi huɗu duka suna ja, ya dawo.

Kafin ka ba kowa ko dala, ka duba da idonka, aikin minti goma ne. Ɗan danshin giris a jikin dunƙulen ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Abin tsoro shi ne mai ruwa-ruwa da ke gangarowa cikin taya, mai warin nan na man pon da ba ya ɓuya. A kwance ƙaramin murfin da ke saman dunƙulen a tsoma tsinke: in ya fito da giris yana riƙe da shi, lafiya; in yana ɗiga, roba ta tafi. A yi haka dama da hagu. Sannan a buɗe bakin da ake zuba wa pon mai, a sa yatsa. Ya kamata mai ya kai bakin ramin. In ya fito baƙi-baƙi da kauri, giris ya shiga. In ya yi fari-fari, ruwa ne. A ƙarshe a ɗaga taya da jak, a kama sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, to aikin ya wuce roba.

Mai jika 30 fa? Robar ita ce mafi araha a duk aikin. Tsadar tana wajen isa gare ta: a cire taya, a cire birki, a kwance makulli da manyan notocin nan masu lamba 54, a zare kardan da sandarsa, a sauke dunƙulen. Wanda ya ce zai gama kafin la'asar, ka tambaye shi ko zai wanke tsohon giris ya sa sabo, ko zai sake robobin baya da ke share ƙura, ko zai duba rulman sama da ƙasa. In ya ce ba sai an yi ba, to zai rufe maka ciwon ne da kunun a ciki, bayan wata biyu ka sake biyan kuɗin buɗewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma ba na cewa dole sai ɓangare biyu. In hagu a bushe yake, tsinke ya fito da giris mai kyau, taya ba ta wasa, kuma hannunka a matse yake, ka yi dama kaɗai, cikakken aiki, ka bar hagu zuwa bayan kaka. In hagun ma ya fara jiƙewa, ka haɗa su. Sa'o'in juna ne, hanya ɗaya suka bi, kuma tsayar da mota sau biyu ya fi tsada a kan tsayar da ita sau ɗaya.

Duk wanda zai yi aikin, ka tsaya a kan abu guda da yawancin mutane ke mantawa: ɗan bututun numfashi da ke saman pon. In laka ta toshe shi, pon ya yi zafi iska ta rasa mafita, sai ta tura mai ta wurin roba, ko da sabuwa ce fil. A busa shi a tabbatar yana shaƙa. A duba kuma inda roba ke zama a jikin sanda, in ƙarfen ya yi zobe, sabuwar ba za ta daɗe ba. Ina kuma so a gama kafin damina. Daga Yuli zuwa Satumba koramu suna kawo ruwa, pon mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, ya zuƙo shi ta duk inda ya samu kafa.

Yanzu ina kuɗin za su fito? Kada ka karyar da kaya don gyaran mota, kada kuma ka ci bashi mai ruwa alhali kana bin mutane jika 400. Kashi ɗaya cikin uku na wannan bashin ya biya aikin har da saura. A tafiya mai zuwa ka gaya wa manyan masu shagunan gaskiya: mota za ta shiga garaji, kowa ya kawo wani abu kafin a sauke masa sabon kaya. Mai shago a Cintabaradan ya san abin da zai same shi in motarka ta daina zuwa, ba zai ƙi ba. Wanda ya ƙi kuwa, ka samu labarin da ya dace ka sani tun tuni.

Jika 120 ɗin ma kada ka miƙa ta a dunƙule. Makanike ya rubuta maka kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. Ku je shagon kayan mota tare, ko ka aika amintacce. Robar ciki a sayi ta asali ta Toyota a cikin ledarta, ko da za a jira ta daga Yamai, domin a nan ne ragin jika biyu ke jawo sake aikin gaba ɗaya. Kayan da aka kwance daga tsohuwar mota suna da wurinsu, amma ban da roba. Kuɗin hannu a ba da rabi a farko, rabi bayan mota ta je ta dawo. Duk abin da aka cire a zuba maka shi a kwali ka gani.

Kwana biyun garaji ka ɗora su a kan ranakun da ba ka da kasuwa. In dole sai tafiya ɗaya ta faɗi, ka biya wa kayan manyan abokan cinikinka wuri a motar wani, don kada su saba da wani mai kawowa. Direba kuma, in da tafiya ake biyansa, ka gane dalilin da ya sa ba ya son garaji. Ka ba shi kuɗin kwanakin, ya zauna a kan aikin, shi ya fi kowa sanin kukan motar.

Abin da tambayarka ta nuna mini, Alhaji, shi ne motar tana yi maka dako kyauta. Da motar wani ce, kowane buhu sai ka biya masa. To ka riƙa biyan taka: duk tafiya ka ƙidaya buhuna, ka cire kuɗin mota kamar yadda ake caji a tasha, ka fitar da gazuwal da na direba, sauran ka aje inda hannun ciniki ba ya kaiwa. Daga nan taya, batir, inshora da irin wannan gyaran za su riƙa fita. In ka yi wata uku kana yi ka ga abin da ke saura bai taka kara ya karya ba, to farashin da kake sayarwa a daji ne ke buƙatar dubawa.

In an gama aikin, a tafiyar farko a tsaya a Tabalak, direba ya ɗora hannu a tsakiyar kowace tayar gaba. Ɗumi ba komai, amma zafin da hannu ba ya iya jurewa yana nufin an matse rulma fiye da kima. Bayan an sa kat-kat an dawo Tawa, a leƙa bayan tayoyin, a sake tsoma yatsa a bakin pon. In a bushe suke, mai kuma yana inda aka bar shi, ka cika wa makanike kuɗinsa.