Ku Tambayi Anti: Sayayyar lambu da kicin kafin ruwa ya sauka

Assalamu alaikum masu karatu, ya zafi? Gashi dai hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma yamma, iska ta taso ta kwashe ledoji ta wuce ba ɗigo ko ɗaya, to duk wanda ya zauna a Zariya yasan ruwa ya kusa kenan. Saƙonnin da suka shigo min watan nan kusan duk akan abu ɗaya ne, me za'a siya a shagon kayan aiki kafin damina, na zaɓo guda huɗu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ina da ɗan fili a bayan ɗakina baifi taku shida da taku huɗu ba, inaso in shuka alayyahu da kuɓewa da tumatir bana don in rage cefane. Naje wani shago a Sabon Gari naga kaya birjik, shebur kala kala, tiyo, abin feshi, taki a leda, har kaina ya ɗaure na dawo ban sai komai ba, kuma kuɗin hannuna ba yawa. Da me zan fara? Daga wata 'yar uwa a Gyallesu.

AMSA: 'Yar uwa wallahi naji daɗi da kika dawo da kuɗinki, don fili irin naki abu uku kawai yake buƙata, fartanya da manjagara da bokiti. Shikenan. Tiyo sai in kina da famfo mai ruwa kullum, abin feshi kuma ki barshi tukuna.

Fartanyar ma ba a shago zaki siya ba, kije wajen maƙera. Ki ɗauketa ki ɗan ƙwanƙwasa bakinta da wani ƙarfe, mai kyau zakiji tayi ƙara siririya tana ɗan jan sauti, ta banza kuwa ƙarar gwangwani take yi. Sai ki duba ƙotar, kada ta zama ɗanyen ice don yana bushewa zai tsuke ƙarfen ya riƙa fita, ki riƙe ki sara ƙasa sau biyu a gaban maƙerin, in tayi miki nauyi ko tsawo ki faɗa masa ya rage, wannan gatan bazaki sameshi a shago ba. Manjagara ce zaki siya a shago, kuma nan ne ake cutuwa. Shekarun baya na taɓa siyan wata a wani shago, fenti ja yana ƙyalli, ranar farko da na ja ta akan busasshiyar ƙasar bayan gidana haƙora uku suka lanƙwashe, abin ya min ciwo sosai don kuɗin cefane na tsakura. Tun daga ranar sai na sa babban yatsa na danna haƙori ɗaya da ƙarfi kafin in biya, in ya motsa na ajiye musu kayansu.

Amma kinsan me? Abinda zai baki alayyahu ba ƙarfe bane, ƙasa ce. Ƙasar mu ta nan yawanci ja ce, in ta bushe ta zama kamar siminti in ruwa ya daka ta kuma samanta ya daskare, don haka tun yanzu kafin ruwa ki nemi takin gargajiya, kashin awaki ko na shanu ko na kaji wanda ya daɗe ya ruɓe ya daina wari da zafi, ki kafce filin ki cakuɗa shi ciki ki riƙa ɗan yayyafa ruwan wanke shinkafa ko na alwala yana sha. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, kar ki yarda a kawo miki shi daga gona jiya ki zuba yau. Sannan ki ɗaga kunya ko ki yi fangali mai ɗan tudu, saboda in Agusta tazo ruwa yana kwanciya a bayan ɗaki saiwa ta ruɓe.

Takin zamani kuma buhunsa kilo 50 ne, ke ko mudu ɗaya ya miki yawa, ki siya a wajen masu aunawa. Wanda aka rubuta NPK 15-15-15 ma'anarsa sinadarai uku ne kowanne kashi 15 cikin ɗari, na farko na ganye, na biyu yafi taimakon saiwa, na ukun ƙarfin shuka da 'ya'ya. Yuriya, farin nan kamar sikari, kashi 46 ne na sinadarin ganye kaɗai, shiyasa take sa alayyahu yayi kore shar amma kuma ita tafi saurin ƙona shuka. Marfin kwalba ɗaya ya isa gindin kuɓewa, ki tona ɗan rami nesa da gindin kamar faɗin tafin hannunki ki zuba ki rufe, kuma sai ƙasa tana da laima. In kika barta a fili rana ta daketa amfanin ya tashi a iska.

Maganar iri, mu 'yan Zariya Allah ya mana gata bamu cika amfani dashi ba. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana nan Samaru tun 1922, tun kafin a kafa jami'ar ABU a 1962, irin masarar nan SAMMAZ da wake SAMPEA da gyaɗa SAMNUT da manoma ke nema daga ko'ina duk daga nan suka fito, ga NAERLS kusa da ita masu wayar da kan manoma. Shiga mota zuwa Samaru ki yi tambaya ba abin kunya bane. In kuma a shago zaki sai iri na leda ki duba kwanan watan da ke jiki, kuma kar ki ɗauki wanda aka rataye a ƙofa rana na dukansa har kalar ledar ta koɗe. Kina zuwa gida ki ƙirga ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa kina ɗan jiƙawa, bayan kwana biyar zuwa bakwai ki buɗe, in takwas sun tsiro iri ne mai kyau, in uku ne ki maida masa.

Tumatir dai zan baki shawara ki haƙura dashi sai bayan damina. Ba banza ba kike ganin yana tsada duk lokacin ruwa, laima tana jawo masa cututtuka fure ya zube ganye yayi baƙi, shi ɗan rani ne, ki duba masu lambun bakin kogin Galma lokacin sanyi suke cika kwanduna. Ki fara da alayyahu, sati uku zuwa huɗu kin fara tsinka, kuɓewa kamar wata biyu, ki ƙara rama da yakuwa a gefe, zogale ɗaya a lungu. Kuma kada ruwan farko ya ruɗeki, sau da yawa yana sauka a Afrilu ya ɗauke sati biyu ko fi, sai dai in zaki iya ban ruwa da bokiti, in ba haka ba ki jira ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ya zauna.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa. Na gama ɗan gini, inaso gaban gidan ya zama koriyar ciyawa irin ta filayen cikin jami'a. Mai shago ya nuna min irin ciyawa a kwali ɗan waje da injin yanka, yace in haɗa duka biyun. Filin zai kai mita 10 da mita 10. In siya? Daga wani malami a Samaru.

AMSA: Malam Allah ya sanya alheri a gidan. Kwalin nan dan Allah ka karanta bayansa da kyau kafin ka biya. Da yawansu an haɗa su ne don ƙasashe irin Ingila da arewacin Amurka, inda bazararsu daga Maris zuwa Mayu lokaci ne na sanyi sanyi da yayyafi bayan ƙanƙara ta narke, shine lokacin da shagunansu ke cika da irin ciyawa da furanni. Mu kuwa a watannin nan ne rana tafi kowane lokaci zafi. Irin wannan ciyawar zata iya tsirowa tayi kyau ka ɗauki hoto, zafi na zuwa ta ƙone.

Abinda ke jure ƙasarmu yana nan kusa da kai, kiri-kiri, wadda masu fulawa ke cewa bahama, ko kuma mai faɗin ganyen nan da suke kira kafet in wajen yana da inuwa. Kaje wajen masu saida fulawa na bakin titi su yanko maka da saiwarta, ka dasa tsakani kamar taƙi ɗaya ɗaya a watan Yuni, kafin Satumba ta haɗe ta rufe ƙasa. Amma kafin dashen ka tsince ɓaraguzan siminti da kwalabe da magina suka binne, ka zuba baƙar ƙasa, ka tone aya-aya har 'ya'yanta na ƙasa don in ka bar su sai sun dawo. Maganin feshi mai kashe ciyawa irin su gilaifoset baya tantancewa, duk koren da ya taɓa ya tafi, don haka in za'a yi amfani dashi to kafin dashe ne ba bayansa ba.

Abinda nafi so ka zauna ka lissafa shine ruwa. Daga Oktoba ruwa ya ɗauke sai kuma Mayu, wata bakwai kenan kai zaka shayar da ita. Ciyawa tana son kamar milimita 25 a sati, a fili mita 10 da 10 lita 2,500 kenan, jarka 100 ta lita 25 duk sati. In kana da burtsatse da wuta ko sola to bismillah, in kuwa 'yan garuwa ne ke kawo maka ruwa gaskiya ka rage filin zuwa kwata, sauran ka zuba tsakuwa ka dasa bishiya biyu, mangwaro ko darbejiya nesa da katanga. Kiri-kiri tana da wani kirki guda, ko ta bushe tayi ruwan ƙasa da rani ba mutuwa tayi ba, ruwa na sauka zata farfaɗo.

Injin yanka ka barshi tukuna, langa-langa mai kaifi da almakashin fulawa sun isa wannan filin.

TAMBAYA: Anti na canza kan gas da tiyonsa sati biyu da suka wuce, tun lokacin nake ɗan jin wari a kicin musamman da rana. Maigidan yace sabon abu ne zai daina. Daga wata uwargida a Tudun Wada.

AMSA: Hajiya ba zai daina ba, kuma ina roƙonki da girman Allah yau ɗinnan ki cire kan daga jikin silindar ki fitar da ita waje inuwa, kada ki kunna sai an duba. Warin nan da gangan ake saka shi a gas don in yana yoyo a ji, kinji shi to yana fita ne. Gas ɗin girki yafi iska nauyi, ƙasa ƙasa yake taruwa a lungun kicin, ashana ɗaya ko makunnin wutar lantarki ya isa. Duk sanda kika ji warin ki buɗe taga da ƙofa, kar ki taɓa makunni ko na kashewa ne.

Gane inda yake fita ba wuya, ki kaɗa omo a ruwa yayi kumfa ki shafa da soso a bakin silinda da inda tiyo ya shiga kan da inda ya shiga murhu, inda kika ga kumfa na hurowa tana girma to nan ne. Ba'a gwadawa da wuta ko kusa. Yawanci ɗayan uku ne, ko ba'a ɗaure bakin tiyon da kilif ba an tura shi kawai, ko 'yar robar da ke cikin bakin silinda ta cinye, ko kuma tiyon ruwa aka baki a matsayin na gas, wannan yana faruwa sosai kuma yana ɓata min rai, na gas yana da kauri da zare a cikinsa kuma akwai rubutu a jikinsa. Tunda kince da rana yafi, ki tambayi inda kike ɗuri ko suna cika ta fiye da kima, silinda ko ta kilo 3 ce ko 6 ko 12.5 ba'a cika ta maƙil, ana barin sarari saboda gas yana kumbura in yaji zafi, ga kuma zafin da muke ciki. A tsaye ake ajiye ta, ba a rana ba, ba kusa da murhun gawayi ba. Ki karanta wa maigida wannan amsar da lalama, kuɗin sabon tiyo da kilif biyu bai kai cefanen kwana ɗaya ba.

TAMBAYA: Anti set ɗin tukwanen nan masu baƙin ciki da abinci baya kamawa, sun dace in sa a kayan ɗakin ƙanwata? Daga wata yaya a Kwangila.

AMSA: Ki sai mata kasko ɗaya da 'yar tukunya ɗaya don ƙwai da miya, ki haɗa mata da cokalin katako don na ƙarfe yana kankare baƙin, in ya fara ɓarewa kuma an daina girki da ita. Tuwo da dambu da wake kuwa ki nemo mata tukunya mai kaurin gindi wadda zata ɗauki muciya, lamba biyu da lamba uku sun ishi amarya. Ki ɗaga ki ji nauyinta, ki kifa murfin ki ga ya zauna daidai baya rawa, ki ja hannuwan ki tabbatar ba zasu cire ba. Sauran kuɗin ki ƙara mata wuƙa mai kyau guda biyu da dutsen wasawa, Allah ya basu zaman lafiya.