Ƙarin falle a sifirin na baya zai hana a-kori-kura kwanciya a kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ta aiki, ina ɗaukar buhunan masara da taki da ita, wani lokaci har da tankin ruwa. Duk sanda na sha kwana da lodi sai bodin ya kwanta gefe guda har gabana ya faɗi. Bakanikena ya ce in ƙara falle biyu a sifirin na baya, ko in sayi sabo mai ƙarfi. Shin hakan zai magance matsalar?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Zai rage ta, Malam, amma ba yadda kake zato ba, kuma ba kyauta ba ne.

Idan mota ta shiga kwana, nauyinta yakan rinjaya zuwa waje. Sifirin na wannan ɓangaren ya danne, na ciki ya miƙe, bodi ya karkata. Sifirin mai tauri ba ya dannuwa da sauƙi, don haka bakanikenka bai yi ƙarya ba. Sai dai ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga inda aka ɗaura sifirin ɗin a kan aksil: suna can ciki, kusa da shasi, tazararsu ba ta kai tazarar tayoyin ba. Kamar mutum ne ya tsaya ƙafafunsa a haɗe, ko yana da ƙarfi, turi kaɗan zai sa ya yi tangaɗi. Shi ya sa sifirin na baya ya fi gwaninta wajen ɗaukar kaya a kan hana kwanciya.

Kuma ba baya kaɗai ke riƙe bodi ba. A ɗauka gaba da baya sun raba aikin rabi da rabi. In ka ƙara taurin na baya da kashi 30 cikin ɗari, abin da motar gaba ɗaya ta samu kashi 15 ne kacal. To galibin sifirin masu ƙarfi da ake sayarwa suna ɗaga bayan mota da kamar santimita 4 ko 5. Lodinka ya hau sama ke nan, kuma tsayin lodi shi ne babban mai kwantar da mota. Abin da ka samu a tauri, wani ɓangarensa ya tafi a tsawo.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da za ka dawo babu kaya. Tsakanin gaba da baya, duk wanda ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin da ke juyawa a kwana. In bayan ya yi tauri fiye da kima, tayar baya ta ciki takan yi sakayau, riƙon ƙasa ya ragu, sai bayan motar ya zame tun gaba bai ce komai ba. A kan kwalta mai ruwa ko burji mai gargada, inda motar ke ta tsalle, abin kan zo ba sallama. Masu ƙera a-kori-kura da gangan suke sa sandar sitabilaiza, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama don rage kwanciyar bodi, a gaba, da yawa kuma ba su da ita a baya. Shi ya sa ma sifirin na asali yake da falle mai kauri a ƙasa wanda ba ya aiki sai an yi lodi. In za ka saya, nemi mai irin wannan tsarin hawa biyu. Fallen da aka yanko daga sifirin ɗin babbar mota aka cusa, ni dai ba na ba da shawararsa.

A 2016 mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Hilux da lodi a gwajin kauce wa abu ba zato, a gudun wajen kilomita 60 cikin awa, tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa. Gyaran da kamfanin Toyota mai ƙera ta ya yi a kan na'urar lantarki mai hana mota zamewa ne da iskar taya, ba a kan sifirin ba.

Kafin ka kashe kuɗi, a duba shakazoba. Ba ya rage yawan kwanciyar a doguwar kwana, amma shi ke hana bodi faɗawa gefe da ƙarfi da lilo bayan an miƙe sitiyari. A duba robobin sitabilaiza na gaba da bushin ɗin idon sifirin, a sa iskar taya ta lodi kamar yadda takardar jikin ƙofa ta nuna. Tankin ruwa kuwa, lita 1,000 tan guda ne, kusan iyakar abin da Hilux ke ɗauka. Rabin tanki ya fi cikakke haɗari, don ruwan yana gudu gefe ya bugi bango a tsakiyar kwana. Buhuna a shimfiɗa su ƙasa-ƙasa, a matso da su jikin kan mota.

In sifirin ɗinka ya riga ya saki, bayan motar na zama a kan robar da ke hana shasi dukan aksil in an yi lodi, to sauya shi ya zama dole, kuma za ka ji bambanci sosai. A sauya duka biyu tare, da sababbin kusoshin da ke ɗaure shi da aksil, a sake ɗaure notinsu bayan 'yan kwanaki ana aiki. Sabon sifirin bai ƙara wa birki, aksil ko taya ƙarfin ɗaukar kaya ba. Idan kuma motarka tsohuwar ƙira ce mai bawul ɗin birki da ke auna lodi ta wata siririyar sanda da ke haɗe da aksil, ka sa a sake saita shi. Bayan da ya ɗaga zai sa bawul ɗin ya ɗauka babu kaya, ya rage wa tayoyin baya birki alhali kana ɗauke da tan guda.