Majinyacina Bayahude ne kuma ajali ya matso, me ya kamata in yi?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Mancesta ta ƙasar Ingila. Muna yawan kwantar da tsofaffin Yahudawa, kuma ina gudun in ɓata wa iyalansu rai idan rai ya yi halinsa. Don Allah a ba ni haske.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Tun da wuri ki tambayi iyalin wane limami suke bi, wato rabbi, ki ajiye lambarsa, domin Yahudawa rukuni-rukuni ne: 'yan Otodoks, masu riƙo da tsohuwar al'ada, sun fi 'yan Rifom, masu sassauci, tsanani nesa ba kusa ba.

Wanda ya shiga magagin mutuwa suna kiransa "goses", kuma a shari'arsu rayayye ne cikakke har numfashin ƙarshe. Ba a yin abin da zai gaggauta tafiyarsa, har juya shi ba gaira ba dalili ana gudu. Abin da ya fi damunsu shi ne kada ya cika shi kaɗai. Idan dangi ba su iso ba, ki ja kujera ki zauna. A ganina babu alherin da za ki yi musu da ya kai wannan. Idan yana iya magana zai yi "vidui", addu'ar tuba, sannan "Shema", ayar Attaura da ke shaida Ubangiji ɗaya ne.

Da ya cika, ki rufe shi da mayafi, amma kada ki wanke gawar. Wannan aikin ƙungiyarsu ce mai suna "Chevra Kadisha": maza su wanke namiji, mata su wanke mace, a sa farin likkafani, a binne da gaggawa. Kafin nan wani zai zauna kusa da gawar yana karanta Zabura. Sai ki kula da Asabar: daga faɗuwar rana ran Juma'a har duhu ya shiga ran Asabar ba a jana'iza, masu tsanani ma ba sa ɗaga waya. Shi ya sa tun safiyar Juma'a ya kamata ku yi magana kan yadda za ki same su.

Zaman makokinsu kwana 7 ne, sunansa "shiva". Idan kin je ta'aziyya, za ki tarar da su a kan gajerun kujeru, an rufe madubai, rigarsu a yage wajen ƙirji. Kada ki kai furanni, abinci kuma sai wanda ya dace da ƙa'idarsu ta kosha. Mu mun saba da jera gaisuwa tun daga ƙofa, "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri". Su kuwa mai ta'aziyya shiru yake yi har sai mai makoki ya fara magana, koyi da abokan Ayuba da suka zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan. Idan ya buɗe baki, ki bar shi ya ba ki labarin mamacin. Za ki tashi, ki yi masa fatan tsawon rai, haka Yahudawan Ingila suke sallama da masu makoki.