An bar jaki ana dukan taiki: batun Will Howard da wasan Michigan

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ba ka daɗe da fara bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i ba, ka koma ka kalli wasan Ohio State da Michigan na ranar 30 ga Nuwamba, 2024, wanda Michigan ta ci 13 da 10, kuma kana tambaya ko Will Howard, kwatabak ɗin Ohio State, wato mai jefa musu ƙwallo, shi ne ya kayar da ƙungiyarsa, tunda sau biyu yana jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya. Ka ƙara da cewa kai da ka ga kwatabak ya yi haka, da benci za ka ajiye shi.

Ni ma abin da na faɗa ke nan a daren ranar. Na shekara da yawa a Columbus, garin da jami'ar Ohio State take, kuma duk wanda ya zauna a garin ya san makon wasan Michigan ba mako ba ne kamar sauran. Harafin M ma rufe shi ake yi da jan tef a allunan jami'a, sunan Michigan kuwa ba a son furtawa, sai dai a ce "ƙungiyar can ta arewa". Ranar wasan muna gidan wani abokin aikina, sanyi ya hana kowa leƙa waje, an dafa abinci an ajiye sai an ci wasa. Har muka watse babu wanda ya buɗe tukunya. A mota ina ta sababi ni kaɗai, ina cewa wannan yaron da aka ɗauko daga Kansas State shi ya cuce mu. Sai da na sake kallon wasan bayan kwana biyu, zuciya ta huce, ina tsayarwa ina mayarwa baya, sannan na gane na yi masa rashin adalci. Yana da laifi, amma ba shi ne babban mai laifi ba.

Saboda 'yan'uwa da ba su saba da wasan ba: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da zubi huɗu ta ci yadi goma, in ta ci a sake ba ta wasu huɗun. Hanya biyu ce ta cin ƙasa, ko a miƙa wa mai gudu ya kutsa, ko kwatabak ya jefa wa masu cafewa. A gabansa akwai ƙarti biyar, mu ce musu 'yan katanga, su ke tare masa mahara, su ke buɗe wa mai gudu hanya. Abin da sabon mai kallo ba ya lura da shi shi ne, a jami'a yawanci ba kwatabak ke zaɓar wasan da za a yi ba. Daga gefen fili ake faɗa masa, har a cikin hularsa akwai na'urar da koci ke magana da shi. Don haka kafin ka ce ya gaza, sai ka fara tambayar me aka sa shi ya yi.

To me aka sa shi? Ohio State ta shiga wasan da nasara 10 da faɗuwa 1, tana ta biyu a ƙasar. Michigan ta zo da 6 da 5, babu Will Johnson, gwaninsu a tsaron baya, babu Colston Loveland, wanda ya fi kowa cafe musu ƙwallo. Abu ɗaya ya rage musu mai ban tsoro, su ne ƙartin nan biyu na tsakiyar tsaro, Mason Graham da Kenneth Grant. Ka duba darajarsu: da aka zo zaɓen 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru, a 2025, Graham aka ɗauka na 5, Grant na 13. Ita kuwa katangar Ohio State a rushe take. Josh Simmons, mai tsaron gefen hagu, ya ji rauni a gwiwa tun wasan Oregon na watan Oktoba. Seth McLaughlin, na tsakiya mai miƙo ƙwallo, jijiyar diddigensa ta tsinke a wurin atisaye a watan Nuwamba. Dole aka janye Donovan Jackson daga ciki aka mai da shi gefe, tsakiya ta zama ta 'yan ciko.

Wato inda Ohio State ta fi rauni, nan ne daidai Michigan ta fi ƙarfi. Kuma nan Ryan Day, kocin Ohio State, da mai tsara masa hari, Chip Kelly, suka yi ta aika ƙwallo. Sau 26 aka gudu da ita, aka samu yadi 77, bai kai yadi uku ba a kowane gudu. Ba don masu gudun ragwaye ne ba, Quinshon Judkins da TreVeyon Henderson kowannensu ya haura yadi 1,000 a kakar. Bango kawai aka yi ta sa su tunkuya. A can gefe kuma ga Jeremiah Smith, ga Emeka Egbuka, ga Carnell Tate, samarin da babu jami'ar da ba ta sha'awarsu, suna tsaye kamar 'yan rakiya. Smith ya gama wasan da cafewa 5, yadi 35.

Ni a ganina, kuma wannan ra'ayina ne, zuciya ce ta shiga cikin lissafi. Shekara uku a jere Michigan tana cin su, ana ta yi musu gori cewa ba su da ƙashi, sai ƙwalisa. Kamar ɗan dambe ne da aka ce masa ba ya iya jure bugu, ya bar salon da ya iya, ya tsaya ƙirji da ƙirji don ya rufe bakin masu magana. Michigan kuwa abin da take roƙo ke nan, wasa ya yi nauyi, lokaci ya tafi, maki su yi ƙaranci.

Babbar shaidata tana cikin wasan kansa. Ka koma mintunan ƙarshe kafin hutun rabin lokaci, Michigan na gaba 10 da 3. Lokaci ya ƙure, babu damar gudu, dole aka saki Howard ya yi ta jifa cikin sauri. Nan take ya tuƙa su yadi 75, ya ƙare da jefa wa Smith ta yadi 10, aka tafi hutu 10 da 10. Tacdawun ɗinsu, wato kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan hamayya, ɗaya tilo ke nan a ranar. Kowa a ɗakin da muke ya ce to, an gano bakin zaren. Aka dawo aka koma gidan jiya. Ko maki ɗaya ba su ƙara ba har aka tashi, kuma a zangon ƙarshe, na huɗu, gaba ɗaya yadi 10 suka ci.

Yanzu laifin Howard, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya jefa 33, an cafe 19, yadi 175. Amma kada ka tsaya a cewa an ƙwace masa biyu, ka duba a ina. Ta farko a bakin gidansu ce, ya jefa ta gefe, Aamir Hall ya tare ta ya kai ta yadi biyu da layi, Kalel Mullings ya ƙarasa. Tacdawun ɗin Michigan ɗaya ke nan, kuma kyauta aka ba su. A irin wannan wuri, kwatabak mai shekara biyar a jami'a ya san gara ya jefar da ita waje a buga ta nesa. Ta biyu a zango na uku ce, sun riga sun shiga yankin da ko ba komai maki uku na hannu, Makari Paige ya ɗauke ta. Ka haɗa bakwai da aka ba su da ukun da aka zubar, a wasan da tazararsa uku ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na wanke shi. Abin da zan ce kawai, ya sha wani mugun karo a zango na biyu har ya fita na ɗan lokaci, kuma duk kwatabak ɗin da aka bari kullum da zubi na uku da yadi mai yawa a gabansa, masu tsaro sun riga sun san jifa zai yi, sai su zauna suna jiransa.

Sannan ga wanda ka manta a tambayarka. Jayden Fielding, mai bugun Ohio State, ya ɓarar da bugun sanduna biyu masu maki uku-uku, na yadi 38 da na 34, waɗanda a wannan mataki ake ɗauka kamar kuɗi a aljihu. Na Michigan, Dominic Zvada, ya ci na yadi 54, ya kuma ci na 21 saura daƙiƙa 45. Da Fielding ya ci nasa, da wataƙila yau ba ka yi wannan tambaya ba, alhali jifan Howard bai canza ko ɗaya ba. Wannan ya kamata ya sa mutum ya yi hattara da hukuncin da ake yankewa daga allon maki. Kwatabak ɗin da ya ci wasan, Davis Warren, yadi 62 kacal ya jefa, shi ma an ƙwace masa biyu. Babu wanda ya ce a zaunar da shi a daren.

Masu tsaron Ohio State su ne abin tausayi. Caleb Downs ya ƙwace ƙwallo ya ajiye wa 'yan hari ita a yadi 16 da layin Michigan, suka yi zubi uku ba su matsa ba, aka ɓarar da bugu. Jack Sawyer ya ƙwace wata a bakin layinsu, 'yan hari suka yi zubi uku suka mayar. Mutum ya yi ta ɗebo ruwa ana zubarwa, ƙarshe hannu zai gaji, shi ya sa Mullings ya ɓalle musu da gudun yadi 27 a zubi na uku, wanda ya kai Michigan ga bugun ƙarshe. 

Abin da ya sa na ce kada ka yi saurin kai mutum benci, mun riga mun yi haka sau ɗaya. A 2023 Michigan ta ci 30 da 24, Kyle McCord ne kwatabak, shi ma an ƙwace masa biyu. Gari ya ɗauka shi ne matsalar, ni ma ina cikin masu faɗa. Ya tattara ya koma Syracuse. A 2024 shi ya fi kowa yawan yadin jifa a ƙasar, kuma a ranar nan da muke kuka a Columbus, shi yana can yana kayar da Miami 42 da 38. An canza kwatabak, sakamakon wasan Michigan bai canza ba. Da mai hankali ne ni, tun a nan ya kamata in fara zargin wani wuri.

Sai kuma abin da ya biyo baya, wanda ka ce ka ji amma ba ka kalla ba. Shekarar ce aka fara gasar ƙarshe ta ƙungiya 12, don haka faɗuwar ba ta fitar da su ba, sun shiga a matsayi na 8. Howard ɗin nan dai, katangar nan dai mai faci. Abin da ya sauya shi ne an fara da jifa, an nemi Smith tun da wuri, sai gudu ya biyo baya bayan masu tsaro sun ja da baya. Suka ci Tennessee 42 da 17. Suka je Rose Bowl suka haɗu da Oregon, wadda ta ci su 32 da 31 a Oktoba, kafin a farga ana 34 da 0, aka tashi 41 da 21, Smith shi kaɗai yadi 187. Texas ta rufe Smith ruf, cafewa ɗaya ya yi, amma suka bi ta wasu hanyoyi suka ci 28 da 14. Ranar 20 ga Janairu, 2025, a Atlanta, Howard ya fara wasan ƙarshe da jifa 13 a jere babu kuskure. Da Notre Dame ta matso, ana zubi na uku da yadi 11, wurin da Day na watan Nuwamba zai ce a miƙa wa mai gudu a ci lokaci, sai aka bar Howard ya cilla wa Smith ta yadi 56. Aka tashi 34 da 23, shi aka ba kyautar gwarzon hari.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa kofin ya mai da shi wani aljani. Masu zaɓe a NFL sun kalli duk wannan, sai a zagaye na shida Pittsburgh Steelers ta ɗauke shi. Ɗan wasa ne mai kyau wanda in ka ba shi tsari mai kyau zai kai ka gida, in ka jefa shi cikin rami zai iya ƙara tona shi. Howard na wasan Michigan da na wasan Oregon a Rose Bowl mutum ɗaya ne, wata guda ne tsakaninsu.

In za ka sake kallon wasan, ga yadda nake yi. Kashe muryar masu sharhi, don suna sa maka ra'ayi. Ka daina bin ƙwallo da ido, wannan ɗabi'ar da muka taso da ita ce daga gidan kallon ƙwallo, a nan tana ɓatar da mutum. Zuba ido a kan ƙartin nan biyar daga lokacin da aka miƙo ƙwallo, ka ga ko gaba suke turawa ko baya ake turo su. Ka riƙe takarda, duk zubi na farko ka rubuta gudu aka yi ko jifa, da yadin da aka samu, sannan ka rubuta yadi nawa ya rage wa Howard duk lokacin da aka kai zubi na uku. Fara daga dawowa hutun rabin lokaci, ka nemi mai lamba 4, Smith ke nan, ka ƙirga sau nawa ƙwallo ta nufi inda yake. In ka gama ka dawo ka gaya mana adadin da ka samu, ni dai da na ƙirga nawa sai da na tashi na bar ɗakin.